Abin da Ban Faɗa Miki a Tashar Konni Ba

Birnin Konni, ranar Lahadi

Zuwa ga ɗiyata Uwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ki lafiya a Yamai, ke da gwaggonki da maigidanta da yaran gidan duka. Mu nan lafiya lau muke, sai kewa. Allah ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin baƙunta, ya sa ki sauka a hannun mutanen kirki, amin.

Ba labarin gari zan ba ki ba, kin san abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ranar Alhamis a tasha, mota ta cika, direba na ta danna ham, kika durƙusa gabana cikin mutane kika ce, "Baba, ka yafe mini, ka sa mini albarka." Ni kuwa na kau da kai, na ce wa direba ya bi hanya sannu. Kika jira kaɗan, sa'an nan kika tashi kika kakkaɓe zanenki kika shiga mota. Tun ranar innarki ba ta ce mini ko sannu ba, tuwona ma a bakin ƙofa take ajewa ta juya. Kuma tana da gaskiya. A wurinmu ko Sakkwato mutum zai je ya daɗe, sai ya bi gida gida yana neman gafara, ba a kuwa hana shi. Ke ƙasar Sin za ki, jirginki Alhamis mai zuwa, kin ce kuma sai bayan shekara biyar za ki ga gida. Shekara biyar, Uwani! Ni da lokotoron asibiti ya raba da gishiri, ya ce zuciyata ta fara gajiya. Ba zan iya barin ki ki tashi a haka ba.

Na san abin da kike zato. Kina zaton nisan ne ya tsorata ni, ko don ke mace ce, ko surutun 'yan majalisar ƙofar gidanmu da ke cewa Shinuwa, mutanen Sin, ba su san alwala ba. Ko kusa. Ni na kai ki lakwal, makarantar boko, da hannuna lokacin da ake yi mini dariya, ran da kika ci jarrabawar bak kuwa har rago na yanka, kin gani da idonki. Abin da ya dame ni shi ne maganar da kika yi ranar da takardar bursi, tallafin karatun nan, ta zo. Kina zaune bakin murhu kina bayani da hannu biyu, kika ce shekarar farko harshe kaɗai za ki koya, Sinancin da kika ce sunansa Mandarin, daga nan ki shiga karatun hulɗar ƙasa da ƙasa, don wata rana ki zauna tsakanin ƙasarmu da tasu kina kai magana kina kawowa. Kowa ya yi murna, ni kuwa na ji kamar an taka mini tsohon gyambo. Aikin da na yi ke nan duk rayuwata, tafinta a buron gwamnati, kuma ban yi shi da kyau kamar yadda kuke tsammani ba. Bari in gaya miki, tun da baki ya gaza.

Kin san a Tajaye aka haife ni. Ba don son boko aka kai ni lakwal ba, an ce kowace unguwa ta ba da yaro ne, ni kuma ba ni da ƙarfin noma, sai aka ba da ni. Allah ya sa kaina ya kama Faransanci da wuri. Wani hutu na dawo gida da gajeren wando da kayen rubutu a hammata, ina jin babu kamata daga nan har Tawa. Aka aiko da takarda daga buro a kan allurar shanu, dattawa suka taru ƙarƙashin gawon ƙofar mai gari, kakanki ya kira ni yana fara'a ya ce, "Iro, zo ka karanta wa iyayenka." Na tsaya na karanta ta da Faransanci daga sama har ƙasa, da ƙarfi, ina murɗa harshe kamar yadda mushe, malaminmu na lakwal, ke yi. Ba wanda ya gane ko kalma. Kakanki ya ce, "To, me ta ce?" Wallahi, Uwani, bakin nan nawa ya buɗe ya ce, "Baba, abu ne mai wuya, ba za ka gane ba." A gaban sa'o'insa! Bai zage ni ba, bai buge ni ba, da ma ya yi. Ya ɗauki hauyarsa ya nufi gona, alhali rana ta take. Har ya bar duniya bai sake ba ni takarda in karanta masa ba, sai ya tafi wurin ɗan maƙwabci.

To, ke za ki dawo da harsuna huɗu a baki, ɗaya ma a cikinsu ba a rubuta shi da baƙaƙe irin na mutane, sai zane-zane kamar sawun kaji. Ki yi murna da shi, ni ma ina murna. Amma in kin iso ƙofar gidan nan ki aje shi tare da takalmanki. Innarki ba ta san ko harafi ba, ita ce kuwa ta sayar da ƙuli-ƙuli ta saya miki kayan lakwal shekarun da albashi ke makara. In za ki rubuto mata, ki rubuto da Hausa, Hausar gida, yadda zan karanta mata kai tsaye ba sai na juya ba. In ta tambaye ki me ake koya muku, ki zauna ki gaya mata har ta gane. In ba ta gane ba, ke ce ba ki iya bayani ba, sai ki sake.

Wannan ƙaramin laifi ne. Babban yana zuwa, ban kuma taɓa gaya wa kowa shi ba, har innarki.

Bayan gonarmu ta Tajaye akwai fili inda wasu Buzaye ke sauka kowace kaka. Haka muka taso muka iske. In an gama yankan hatsi an ɗaure dammuna, mai gari ya sa a yi shela an saki gonaki, sai su shigo da raƙuma da awaki su ci kara da harawa, su bar mana taki. Matansu su kawo nono da cuku, namu su auna musu gero. Kakarki, wadda kika ci sunanta, tana da ƙawa a cikinsu, ƙawar kuma tana da ɗa, Agali, ya girme ni da shekara biyar ko shida. Shi ya koya mini Tamajak, shi ya koya mini hawan raƙumi, shi ya ɗauko ni a kafaɗa ran da kunama ta harbe ni a bakin rijiya. Har yau in na ji ƙamshin shayi a kan garwashi da hantsi, bukkar gidansu nake tunawa, da yadda tsohonsa ke ɗaga buta sama yana tsiyayawa ba ya zubar da ko ɗigo. Kai, zamani ya yi daɗi a lokacin, ko kuwa ƙuruciya ce ke sa nake ganin haka.

Bayan babban farin nan da ya kashe dabbobi, kina goye a lokacin ko kin fara tafiya, mutanenmu suka gano kuɗin albasa. Ɗan baffana ya kewaye rijiyar bakin fili da ƙaya ya yi lambu. Da kaka ta yi su Agali suka iso da ɗan abin da ya rage musu, suka iske hanyar ruwa a toshe. Aka yi cacar baki, aka kusa zare takobi, magana ta kai buron da nake aiki. Kumandan da ke shugabancin buron a lokacin baƙo ne, ba ya jin Tamajak, Hausarsa ma ta sayen goro ce. Ni ne bakin kowa a ɗakin.

Agali yana jin Hausa sarai, amma ya ce da harshen ubansa zai yi magana, don abin ya yi masa nauyi. Su kuma kin san al'adarsu, ba sa fara magana daga abin da ya kawo su. Sai sun gaishe ka, sun gaishe da iyayenka, sun koma can kan kakanni, su biyo da kai sannu a hankali, abin da suke nufi yana can ƙarshe. Ya gyara rawaninsa ya fara. Ya faɗi yadda aka gina rijiyar: kakana yana ciki yana haƙa, raƙuman kakansa suna jawo ƙasa da igiya. Ya faɗi alkawarin da tsofaffin biyu suka yi a gaban liman, cewa safiya ta dabbobi ce, maraice na mutanen gari. Ya ambaci mutum uku da suka ga abin da idonsu, biyu a cikinsu suna da rai a lokacin, ana iya aikawa a kira su. Ya ce bai zo don a tumɓuke albasar kowa ba, a buɗe masa ƙofa kawai mai faɗin raƙumi ɗaya. Ya daɗe yana magana. Rana ta yi tsaka, ɗaki ya yi zafi, kumanda yana ta duban agogonsa yana kaɗa ƙafa. Da Agali ya gama, kumanda ya juyo ya ce mini, "Me ya ce?"

Na ce, "Ya ce yana son ruwa."

Iyakarta ke nan. Kumanda ya ce ai kowa na son ruwa, rijiya tana cikin ƙasar gari, makiyaya su nemi tafki. Ya buga hatimi ya tashi cin abinci.

Na sha gaya wa kaina gajiya ce, ko kuma na so in faranta wa kumanda rai ne in rage masa zama. Duk akwai. Amma lambun na ɗan baffana ne, kuma buhun albasa yakan iso gidana kowace shekara, ba zan ɓoye miki wannan ba. A bakin ƙofar buro Agali ya tare ni. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Iro, maganata ta kai tsawon igiyar guga, taka ba ta kai taƙi ɗaya ba. Ina ka kai sauran?" Na ce, "Na faɗa masa duka, Faransanci ne ba ya da tsawo." Ya dube ni ta saman rawani, ya ce, "To, madalla." Kwana biyu bayan nan suka naɗe bukkokinsu suka yi arewa, ba su sake sauka a filin ba. Gonarmu ta rasa taki ta mutu a hankali. Kakarki ta yi ta tambayata har ƙarshen ranta, "Wai me ya hana mutanen Agali zuwa?" Ina ce mata fari ne.

Kowace shekara nakan ce bana zan neme shi in roƙi gafara. In damina ta zo in ce hanya ba kyau, in rani ya zo in ce ban san inda suka sauka ba. Bara wani mai sayar da raƙuma a kasuwar Konni ya gaya mini Agali ya rasu can wajen Abalak. Na koma gida na kwanta, kuka ce zazzaɓi ne.

Yanzu ki saurara, ɗiyata. Wanda ke tsakanin harshe biyu yana iya yin ɓarnar da ba mai kama shi, don shi kaɗai ya ji gefe biyu. Ba jandarma da zai zo, ba alƙali, sai shi da Ubangijinsa. In aka ba ki magana ki kai, ki kai ta da kanta da ƙafafunta. Ba ke za ki zaɓa wa babba abin da ya isa ya ji ba. In yana duban agogo, ki bar shi ya duba, ki ce, "Ranka ya daɗe, da saura." In ya ce ki taƙaita, ki gaya wa mai maganar cewa an ce ki taƙaita, ya zaɓi abin da za a bari da kansa. In kuwa kina da wani abu a cikin shari'ar, ɗan'uwa ne ko alheri da aka taɓa yi miki, ki faɗa tun da wuri a nemo wani. Kuma a kowane ɗaki kika shiga, ki duba wanda ba shi da kowa sai bakinki. Sau da yawa ƙasarmu ce za ta zama wannan, don mu talakawa ne, mu ne masu zuwa da doguwar magana gaban masu sauri. Wata rana kuma wani ne zai zo gabanki da tasa, ke ce mai agogo. Ban san abin da littattafanku za su ce a kan hulɗar ƙasashe ba, ni dai abin da na gani a ɗan ƙaramin ɗakina ke nan.

Laifi na uku kin san rabinsa, don a gabanki aka yi. Bayan an maido ni Konni, aka haɗa ni da Shinuwan nan huɗu masu haƙar rijiyoyi a ƙauyukan wajen Dogarawa. Ɗaya ne cikinsu ke jin Faransanci, siririn nan da mutane suka sa wa suna Mai Tabarau. Kin tuna shi? Ranar Juma'a yakan zo gidanmu, ya zauna a tabarma ya naɗe ƙafa, ya ci dambun zogale har ya nemi ƙari, innarki na jin daɗi tana cewa wanga bawan Allah ya san abinci. Fura ce dai ta gagare shi, kurɓa ɗaya ya yi ya ce ya gode har abada. Kullum da ɗan kaye a aljihu, duk kalmar da ya ji sai ya rubuta. Ya tambayi masu lambu sunan kowane ganye, ya tambayi tsofaffi ina ruwa ke kwanciya da damina, kafin ya kafa injinsa. Shi ya koya miki ƙirga ɗaya zuwa goma da yatsun hannu guda, ya fere miki tsinke biyu ya ce ki ɗauki gyaɗa da su. Kika yini kina fama, gyaɗa na tsalle, muna ta dariya. Ina iya ganin ki yanzu, da ɗan kitsonki biyu, kin cije leɓe kin ƙi bari.

Ni fa? Shekara uku muna mota ɗaya da mutumin nan, ban koyi ko sannu da harshensa ba. In suna magana da junansu nakan kwaikwaye su a majalisa a yi dariya. Ran farko ya gaya mini sunansa, na ce ya yi wuya, na ci gaba da ce masa Mai Tabarau. Ni da ake kira tafinta! Ina ganin harshen da ya isa a koya shi ne na wanda ke iya ba ka girma ko ya hana ka, na kumanda ke nan.

Sai rana ɗaya rediyo ta ce gwamnatinmu da tasu sun ɓata. Aka ba su 'yan kwanaki su tattara. Akwai rijiyar da suka kai rabi a wani ƙauye, mata har sun fara share wurin aje tuluna, haka aka rufe bakinta da faranti aka tafi. Ya zo sallama da yamma. Ya gaishe da innarki da sunanta, ya kira ku ɗaya bayan ɗaya, har autanmu da ke rarrafe. Sa'an nan ya kama hannuna da hannu biyu ya ce da Hausarsa mai tsalle-tsalle, "Malam Iro, zan tafi. Abin da na yi maka, ka yafe mini." Ya ga yadda muke yi ne ya rubuta a kayensa. Na buɗe baki in amsa masa da sunansa, babu. Ke ce kika faɗe shi daga bayana, daidai yadda yake faɗa, har ya juyo ya yi miki murmushi. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba a gaban baƙo.

Da motarsu ta tashi kika ce mini, "Baba, in shugabanni sun ɓata, me ya sa rijiya za ta tsaya?" Na ce ki rufe mini baki, maganar manya ce. Gaskiyar ita ce ban san amsa ba, har yau kuma ban sani ba. Ga shi yanzu sun shirya har suna ba da bursi, rijiyar kuwa tana nan a rufe. Na gane tun ranar kika kama hanyar da kike kai yau. To, je ki nemo amsar, in kin samo ki zo ki gaya wa matan ƙauyen nan, sun fi ni bukatarta.

Ki zama baƙuwa irin Mai Tabarau, kada ki zama mai masauki irina. Ki riƙe sunan mai shara da mai dafa abinci kafin na shugaban jami'a. Harshen da za a koya miki a aji rabi ne, sauran yana kasuwa wurin tsofaffin mata masu sayar da ganye, ki je su yi miki dariya su gyara miki. Za su taɓa fatarki, za su tambaye ki abin da zai ba ki haushi, kada ki yi saurin cewa ƙiyayya ce. Mu ma haka muka bi su Mai Tabarau da kallo har bakin masai. Abin da addini ya hana ki ci, ki ƙi shi da fara'a, ki faɗi dalili sau ɗaya, kada ki yatsine fuska a kan abincin mutane. Sallarki kuwa ba sai na ce komai ba, kin fi ni kiyaye ta. An ce sanyinsu yana daskarar da ruwa a buta, saboda haka ki bar kunyar kaya masu nauyi, ki sa ko kin yi kama da buhun auduga. Kada ki maƙale wa 'yan Afirka kaɗai don daɗin Faransanci, in haka ne da kin yi zamanki a Yamai. Innarki, kafin ta daina yi mini magana, ta ce in kin gamu da Mai Tabarau a kasuwa ki gaishe shi. Na ce mata ƙasar ta ɗan fi Konni girma.

Na dawo kan tasha. Da kika durƙusa, wallahi albarkar tana bakina. Amma sai na ga kamar in na faɗa, na tura ki cikin aikin da ya sa na ci amanar mutumin da ya goya ni. Na ji tsoro ki zama ni. Akwai kuma wani abu mara kyau da zan faɗa don in huta: na ji kishi. Shekara ashirin da shida ina tsaye a gefen teburi, ba a taɓa ce mini zauna ba, tafinta ba ya zama. Ke kuwa kujera za a ja miki. Maimakon in gode wa Allah, sai zuciya ta ce mini yarinyar da ka yi wa wanka. Dubi wauta, tsoho da furfura yana kishin ɗiyarsa! Na yi kwana uku ina juya abin, na ga laifin da na yi wa Agali nawa ne, ba na aikin ba ne, ba kuma naki ba. Ke ba ki taɓa rage magana don ki faranta wa wani ba, ko ni ba ki raga mini, shi ya sa muke yawan faɗa.

Akwai abu ɗaya da nake so ki riƙe, kada ki yi mini gardama a kansa. In kina can aka aiko miki cewa ta Allah ta kasance a kaina, kada ki bar karatu ki taho. Ba za ki iske komai ba sai ƙasa. Ki yi mini addu'a inda kike, ki yi sadaka da abin da ya sawwaƙa, ki koma aji. Yayyenki suna nan, za su riƙe innarki. Na gaya musu, na kuma gaya wa liman, don kada wani ya ce miki kin yi rashin kirki.

Yanzu ga abin da kika roƙa. Uwani, na yafe miki duniya da lahira, abin da na sani da wanda ban sani ba, ko da yake na bincika ban sami abin yafewa ba. Na yarda da tafiyarki, na yarda da karatunki. Allah ya yi miki albarka. Allah ya buɗe miki harshensu, ya ba ki kunnen jin maganar mutane har ƙarshe, ya sa a amince da bakinki a duk inda kika tsaya. Na so a ce a tasha na faɗa, hannuna a kanki, kowa na ji. Ban yi ba, sai ki karɓa a takarda.

Saura ni. Na kunyata ki a gaban mutane ranar da ya kamata in ɗaga ki. Na riga na bar mutum ɗaya ya tafi ban nemi gafararsa ba, ina cewa sai baɗi, kuma kin ji yadda ta ƙare. Ba ni da ƙarfin ɗaukar na biyu. Ki yafe mini, ɗiyata. Maigidan gwaggonki ya san yadda ake kiran gidan wayar Konni daga wurin aikinsu. Ranar Laraba zan je tun ana buɗe ƙofa, in zauna a bencin nan na kusa da talho, ba zan tashi ba sai an rufe. In zuciyarki ba ta huce ba, ba komai, albarkar da na sa miki ba ta da sharaɗi, ki tafi da ita. Amma in kin iya, ki kira, in ji da kunnena.

Allah ya kai ki lafiya, ya tsare ki a sama da ƙasa, ya kare ki daga ciwo da kaɗaici da mugun aboki. Allah ya dawo mana da ke lafiya, ko ina nan ko ba na nan. Ki gaishe da gwaggonki da kyau. Innarki ta leƙo ta ga ina rubutu, ta tambaya wa nake rubuta wa, na ce ke. Sai ta ce in ce miki ki riƙa cin abinci.

Wassalamu alaikum.

Ni ne mahaifinki,
Iro